Amsa ga mai tambaya: ina ruwan gwamnati da motsa jikin jama'a?

Assalamu alaikum, Malam.

Ka tambaye ni a bainar jama'a dalilin da ya sa nake goyon bayan a yi tsarin motsa jiki na ƙasa baki ɗaya, alhali asibitoci na kukan rashin magani da ma'aikata. Ka ce mai son gudu ya fita ya yi, ba sai gwamnati ta rubuta takarda ba.

Halin da asibiti ke ciki ni ma yana ci mini tuwo a ƙwarya. Amma dubi masu cika layin ganin likita: hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki. Yawan zama na da hannu a cikinsu duka. Tun 1953 Dokta Jerry Morris ya gano a Landan cewa direbobin bas, masu wuni a zaune, sun fi kamuwa da ciwon zuciya a kan kwandastocin da ke hawa da sauka a matakalar motar mai hawa biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar saurin da ke ɗan ɗaga numfashi, yaro kuma awa guda kullum. A 2022, kashi 31 cikin ɗari na baligan duniya, wajen mutum biliyan 1.8, ba su kai haka ba.

Inda muka rabu shi ne "ya fita ya yi". Ya fita ina? Dattijuwar da likita ya ce ta riƙa tattaki, ta leƙo ta ga babu gefen titi na masu ƙafa, babu inuwa, babu fitila, motoci na gogar kafaɗarta, wallahi komawa gida za ta yi, kuma ban ga laifinta ba. Yaron da aka yanka filin makarantarsu aka yi gini, aka cinye darasin wasanni da shirin jarrabawa, wace nasiha ce za ta motsa shi? Masu yanke waɗannan hukunce-hukunce suna ma'aikatun ayyuka, ilimi, sufuri da tsara birane, ma'aikatar lafiya kuwa ita ke kwasar marasa lafiyar. Tsarin ƙasa ne kaɗai ke iya zaunar da su wuri ɗaya, ya raba wa kowa aikinsa. Kuma ba lallai abin ya ci kuɗi ba: tun 1974 birnin Bogota na Kolombiya ya soma rufe wa motoci tituna domin masu tafiya da masu keke, yau ana rufe sama da kilomita 100 duk Lahadi.

A kan batun rubuta takarda kuwa kana da gaskiya. Rahoton Hukumar na 2022 ya nuna ƙasashen da ke da irin wannan manufa ba su kai rabi ba, kuma a cikinsu waɗanda ke aiwatarwa ba su kai kashi 40 ba. Don haka duk ranar da aka ƙaddamar da tsari, ina roƙonka ka tsaya tare da ni mu tambaya: nawa aka ware masa a kasafin kuɗi, wa zai shimfiɗa hanyar ƙafa, kuma wa zai fito bayan shekara ya faɗa mana inda aka kwana?

Na gode, Malam. Allah ya ƙara lafiya.