Amsa ga mai tambaya: yaya ake sanin iya gocewar tsohon gini a girgizar ƙasa?

Assalamu alaikum Malam,

A gaban jama'a ka yi mini tambayarka, shi ya sa na ga ya dace in amsa inda kowa zai gani. Cewa ka yi, ginin da ya shekara arba'in a tsaye, ba a taɓa girgiza shi an gani ba, da wace hujja injiniya zai ce zai goce gefe santimita kaza ranar da ƙasa ta motsa? Ashe ba shaci-faɗi ba ne? Shakkunka na da tushe, kuma zan zo kansa, amma bari mu fara da abin da ake iya aunawa.

Ka kafa sanduna biyu a ƙasa, doguwa da gajeruwa, ka bugi kowacce. Gajeruwar karkarwa za ta yi da sauri, doguwar kuwa rangaji za ta yi a hankali. Haka gini yake, kowanne da lokacin lilonsa. A ƙiyasin farko, kowane hawa na ƙara kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wato bene mai hawa 10 yana je-ka-dawo ɗaya a kusan daƙiƙa 1. Kuma ba sai an jira girgiza ba. Iska da wucewar manyan motoci kullum suna sa gini rawar da jiki ba ya ji, amma na'urar auna motsi da aka ajiye a saman rufi tana kama ta.

Daga nan sai a duba ƙasar da ginin ke kai. A 1985 girgizar da ta ragargaza birnin Meziko ta taso ne daga nisan da ya haura kilomita 300, amma tsakiyar birnin na zaune kan laka ta tsohon tafki, wadda ta riƙa lilo duk bayan kusan daƙiƙa 2. Benaye masu hawa 6 zuwa 15 su suka fi shan wahala, domin da suka fara tsagewa lilonsu ya tsawaita ya zo kusa da na ƙasar, kamar mai tura yaro a lilo daidai lokacin da ya dawo. Idan aka haɗa lokacin lilon gini da ƙarfin girgizar da ake tsammani a wurin, lissafi yana fitar da adadi. Misali, gini mai lilon daƙiƙa 1, da turin da ya kai kashi 40 cikin 100 na nauyinsa, zai ba ka gocewar kusan santimita 10, a can ƙololuwar ginin kuma kamar 13.

To, ga inda nake so ka tsaya da kyau, Malam. Santimita 13 ɗin nan ba ita ke kashe mutane ba. Abin da ke hana ni barci shi ne yadda ta rabu tsakanin hawa da hawa. Idan hawa goma suka raba ta daidai, kowanne ya ɗauki santimita ɗaya da 'yan kai, bango zai tsattsage, amma mutane za su fito da ƙafafunsu. Idan kuwa an cire bangayen hawan ƙasa don a samu shaguna ko wurin ajiye motoci, na sama za su tafi tare kamar akwati guda, gocewar duka ta taru a ginshiƙan ƙasa. Santimita 13 a hawa mai tsayin mita 3 ta haura kashi 4 cikin 100, alhali dokar gini ta Amurka ta tsayar da iyaka a kashi 2 ga gine-gine na yau da kullum, wato santimita 6. An ga irin wannan durƙushewar hawan ƙasa da yawa a Turkiyya ranar 6 ga Fabrairu 2023.

Yanzu ga gaskiyarka. Sabon gini a takarda yake, mun san me muka sa a ciki. Tsohon gini kuwa ba lallai ya yi daidai da zanensa ba, in ma an samu zanen. Dole a huda kankare a ciro ɗan yanki a matse shi a ga ƙarfinsa, a bi ginshiƙai da na'ura a ƙirga rodi, a ga tazarar zobban da suka ɗaure shi, a duba tsatsa. Sannan rawar da muka auna ranar lafiya ƙarama ce. Da zarar kankare ya fara tsagewa, ginin na yin laushi, lilonsa ya tsawaita, gocewarsa ta ƙaru. Don haka ake gina kwafinsa a kwamfuta a yi ta tura shi gefe har a ga wane ginshiƙi ne zai fara sarewa.

Saboda wannan, ni ba na yarda da rahoton da ya ba da adadi ɗaya tak. Mai gaskiya zai ce maka tsakanin kaza da kaza, ya kuma nuna maka dalilin tazarar. In aka kawo maka rahoto kan ginin da kake kwana a ciki, ka tambaye su wane hawa ne zai fi gocewa, da nawa, kuma ginshiƙansa za su iya ɗauka? Ka kuma leƙa ratar da ke tsakaninsa da ginin maƙwabta, domin a Meziko benaye da dama karo da juna suka yi ta yi.

Wassalam,
ɗan'uwanka mai amsa.