Na'urar Ƙofar Gareji Ta Zama Mai Gadin Tankin Ruwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in bayyana wa masu karatu yadda wata ƙaramar na'ura da aka ƙera don ƙofar gareji ta raba ni da asarar ruwa a gidana.

Na'urar ita ce mai gane karkata, wadda ake sayarwa cikin kayan gidan zamani masu aiki da wayar hannu. A Amurka ƙofar gareji sama take tashi har ta kwanta a ƙarƙashin rufi, saboda haka da zarar an buɗe ta na'urar da ke manne a jikinta takan juya daga tsaye zuwa kwance, sai ta aika saƙo. Ƙofofinmu kuwa gefe suke buɗewa ko a tura su a kan layin ƙarfe, ba sa karkata ko kaɗan, shi ya sa tawa ta yi watanni a cikin durowa tana shan ƙura.

Abin da ke cikinta ba wani sihiri ba ne. Ɗan ƙwallon ƙarfe ne a cikin ƙaramin gwangwani, wanda idan ya gangara ya taɓa bakin wayoyi biyu sai lantarki ya wuce. Da na fahimci haka sai na tuna da tankinmu na sama, wanda sau da yawa yakan cika da tsakar dare bayan an kawo wuta, ruwa ya yi ta kwarara har lungu kafin wani ya farka ya kashe injin burtsatse.

Ni da wani mai aikin famfo muka kafa guntun bututun roba a bakin tankin yadda zai riƙa lilo kamar ma'auni, muka ɗaure gorar ruwa marar komai a ƙarshen da ke ciki, na'urar kuma a ƙarshen da ke waje. Idan ruwa ya ɗaga gorar, sai ɗaya ɓangaren ya sunkuya. Gwajin farko bai yi ba, domin tawa ba ta motsawa sai karkatar ta kusa digiri 45, bututun kuwa ba ya kai haka. Sai muka manna ta a jirkice tun farko, yadda ɗan motsi kaɗan zai ishe ta. Daga nan kuma tumbatsar ruwa ta riƙa girgiza ƙwallon, wayata ta cika da saƙonnin ƙarya, har sai da na saita ta ta jira minti 1 kafin ta yi ƙara.

Mai son gwadawa ya sani cewa siginar Zigbee, wato ɗaya daga cikin hanyoyin da irin waɗannan na'urori ke aika saƙo ta iska, wadda ke tafiya a kan zangon rediyo na gigahaz 2.4, ba ta ratsa ruwa da kankare da kyau, kuma akwatin ƙarfe yakan toshe ta gaba ɗaya. A farar roba na rufe tawa, saboda ranar Afrilu a Kano, da kan haura digiri 40, ba ta raga wa ƙaramin batir. Idan kuma samfurin Z-Wave ne, wato wata hanyar aika saƙon ta daban, na Amurka yana kan zangon megahaz 908.42, na Turai kuma 868.42, kuma ba sa jin yaren juna. Tsofaffin masu ɗauke da zaiba a madadin ƙwallo kuwa guba ne, kada a kusantar da su ga ruwan sha.

A ganina, kuskure ne a bar wa wannan dabara kashe injin ita kaɗai, tunda batir yana iya mutuwa shiru ba tare da sanarwa ba. Makunnin nan mai yawo a kan ruwa da masu aikin famfo ke haɗawa kai tsaye da injin ya fi aminci, kuma shi nake shirin sakawa. Na'urar za ta ci gaba da zama a bakin tankin domin ta tashe ni ranar da shi ma ya maƙale.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano