Amsa Ga Mai Unguwarmu: Sauron Kwata Daban, Na Zazzaɓi Daban

Ranka ya daɗe,

A taron masallacin Juma'a ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni, a matsayina na tsohon dubagari: an yashe kwatoci, an yi feshi, me ya sa zazzaɓi ya ƙi barin yaranmu? Lokaci ya ƙure ban amsa ba, shi ya sa na rubuto.

Sauron da ke hana mu barci da kuka a kunne, wanda ke tashi daga baƙin ruwan kwata, yawanci Kuleks ne, kuma ba ya ɗaukar maleriya. Mai ɗauka Anofilis ne, shi kuwa ya fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke duka: gurbin tayar mota, ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasa, gefen kududdufi. Da zafin garin nan, kwana goma sun ishi ƙwai ya zama sauro. Yasar kwata aiki ne mai kyau, ban raina ba, amma wani maƙiyin kuka kora.

To dubi yadda unguwarmu ta tashi. Awon igiya ne. Mai gona ya yanka fuloti har cikin hanyar ruwa, don kowane taku kuɗi ne, ba a bar magudana ba. Wanda ya samu hali ya cike gabansa da ƙasa ya ɗaga dakali, ruwan ya koma ƙofar maƙwabci ya kwanta. Ga kangwaye, kowanne da ramin ruwan buga bulo a buɗe, mai shi yana can wani gari. Tsofaffin kududdufan cikin birnin Kano ma asalinsu ramukan ƙasar gini ne, wato abin ba yau ya fara ba. Turawan mulkin mallaka sun gane haka, sai dai kansu kawai suka tsare: suka bar fili mai yadi 440 tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, ranka ya daɗe, rashin famfo ne. Inda ba ruwan famfo, kowane gida sai ya tara durom da tanki da randa. Akwai wani Anofilis ɗan Asiya, Istifensi, wanda a irin waɗannan mazubai yake hayayyafa, ba ruwansa da damina. A Afirka an fara ganinsa a ƙasar Jibuti a 2012, shekarar da aka samu masu maleriya 27 kacal a ƙasar. Zuwa 2020 sun haura 73,000. A 2020 ɗin aka same shi a Jihar Gombe. Sauron Edis mai kawo zazzaɓin dengi da ciwon shawara ma cikin tsofaffin tayoyi da gwangwanaye yake, kuma da rana yake cizo, lokacin da gidan sauro ke naɗe. A 2023 an tabbatar da dengi a Sakkwato.

Roƙona gare ka: kada ka sake sa hannu a takardar filin da ya hau hanyar ruwa, ko na waye. Masu kangwaye kuma a neme su, su rufe ramukansu.

Ranar Asabar da hantsi zan zo da farin ludayi. Ka haɗa ni da matasa huɗu mu bi lungu-lungu muna kamfatar ruwa, in nuna musu 'ya'yan sauron da ke kwanciya a saman ruwa, su ne na zazzaɓi. Daga bayan gidanka za mu fara, don na hango wani durom ba marfi.

Naka,
Tsohon dubagari