Wasiƙa zuwa Damagaram: Maganar Waƙa Mai Ɗango Goma Sha Huɗu

Daga Zariya

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, kamar yadda muke nan lafiya, alhamdulillahi. Saƙonka ya same ni tun makonni uku da suka wuce. Ka yi mini afuwa, ba raini ba ne, takardun gwajin yara ne suka sha mini kai.

Ka ce ɗalibanka sun haddace ma'anar sonet, waƙar nan ta Turawa mai ɗango goma sha huɗu, kamar karatun allo, amma da ka ajiye musu waƙa ɗaya a gaba sai su yi zuru. Sai da na yi dariya, don ciwonmu ɗaya ne, kai da Faransanci, ni da Turanci. Nawa masu shirin jarrabawar WAEC, ba zuru suke yi ba, lissafi suke yi. Ka ce yaro ya feɗe maka waƙa, sai ya jero: akwai kamantawa a ɗango na biyu, akwai mutuntarwa a na biyar, akwai kambamawa a na tara, kamar wanda aka aika cefane yana karanto kayan miya. Ka tambaye shi me mawaƙin ke son faɗa, sai ya kama susar ƙeya. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Ni ma na yi shekaru ina ba da maki a kan wannan lissafin.

Tarihin ba na daɗewa a kansa. Ina gaya musu an haifi sonet a tsibirin Sisili a ƙarni na 13, a fadar Sarki Frederick na Biyu, kuma wanda ake danganta ta da shi, Giacomo da Lentini, marubucin takardun shari'a ne. Wannan kam ina nanatawa, don a ganina waƙar ta gaji halin mai ita: a kawo magana, a juya ta, a yanke hukunci. Daga baya Petrarch na Italiya ya ɗaukaka ta, cikin waƙoƙi 366 na diwaninsa 317 sonet ne, ɗango takwas a sama, shida a ƙasa, a tsakani kuma akwai inda tunani ke shan kwana. Wyatt da Surrey suka kai ta Ingila a ƙarni na 16, aka buga na Shekspiya guda 154 a 1609. Iyakar abin da nake sa su rubuta ke nan.

Sai in koma gida. Yaran nan ai da kunnensu suka zo aji. Sun san ƙwar biyu, sun san ƙwar biyar, sun san ɗango huɗu na farko su tafi da ƙaramin amsa-amo, na biyar ya dawo kan babba, haka har ƙarshen waƙa. Sai in ce musu sonet ɗin Shekspiya ƙwar huɗu ce sau uku, aka rufe da ƙwar biyu ɗaya, sai dai babu babban amsa-amon da ke riƙe ta daga sama har ƙasa, kowane baiti da nasa. Mawaƙinmu yana da fili, ya buɗe da sunan Allah da salatin Annabi, ya yi baiti hamsin ko ɗari, ya rufe da sunansa da ramzin shekara. Mai sonet ba shi da wannan sararin, ko sallama ba ya tsayawa yi. Wajen kari ne muke shan wahala. Namu yana tafiya da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, irin na arulin Larabci, na Turanci kuwa da inda murya ke dannawa, gaɓa goma, a danna biyar. Tebur nake sa su bugawa da hannu har malamin ajin kusa ya leƙo. Kai ka huta, naka ƙirga gaɓa goma sha biyu ne.

Amma duk wannan share fage ne. Tambaya ɗaya nake yi yanzu kafin kowace: a ina mawaƙin ya sha kwana?

Bari in ba ka labarin ranar da na gane amfaninta. Na rubuta musu sonet ta 130 ta Shekspiya a allo, na ɓoye ɗango biyun ƙarshe da gangan. Ka san ta, wadda mawaƙin ke cewa idanun masoyiyarsa ba su yi kama da rana ba, murjani ya fi leɓenta ja, gashinta kamar waya, turare ya fi numfashinta daɗi, kuma in tana tafiya ƙasa take takawa. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wannan ai zambo ne. Da ni ce, da na mayar masa da toshinsa." Aji ya ɗauki shewa. Na bar su suka gama yanke masa hukunci, sannan na rubuta sauran biyun, inda ya juya ya rantse cewa duk da haka ba ta gaza kowace mace da aka yi wa ƙaryar kamance ba. Sai wuri ya yi tsit. Can wani yaro daga baya, wanda duk zangon ban ji muryarsa ba, ya ce, "Ashe ba da ita yake ba, habaici yake wa mawaƙa, irin maroƙin da ke kiran mai keke giwa." Wallahi ban taɓa karanta sharhin da ya fi wannan kama bakin zaren ba. Daga nan kamantawar da suka saba lissafawa ta sami aikin yi, don sun ga dalilin da ya sa aka jero ta ana rushewa.

Kada kuma su ɗauka sonet ta soyayya ce kawai, nakan kawo musu ta Claude McKay, ɗan Jamaika, wadda ya yi a 1919 lokacin da ake far wa baƙaƙen fata a biranen Amurka. Zubin Shekspiya ya ara, amma ya cika shi da fushi. Ɗango takwas yana maganar irin mutuwar da bai yarda a yi ba da irin wadda ya yarda a yi, a na tara ya juya ya kira 'yan'uwansa su tashi. Wannan ba sai na nuna musu kwanar ba.

Maganar maƙala kuwa, kai ne malamina, tunda Montaigne, marubucin nan Bafaranshe, naku ne. Shi ya fitar da nasa a 1580 da sunan da ke nufin gwaji, Bacon ya biyo a Ingila a 1597 da guda goma kacal. Abin da ke ba ni haushi shi ne mun ɗauki abin da aka yi don mutum ya gwada tunaninsa, mun mayar da shi gabatarwa, gundarin magana, kammalawa, kowa ya cika gurbi ya tashi. Na san ɗan lokacin da ake ba su a zauren jarrabawa bai isa yawon tunani ba, don haka ban hana su tsarin ba. Sharaɗi biyu na gindaya. Jimlar farko ta faɗi abin da wani zai iya musawa, ba "wannan waƙa tana da ma'ana mai zurfi" ba. Sannan wani wuri cikin rubutun in tarar da "amma" ta gaskiya, inda ɗalibin ya dubi ɗangon da bai goyi bayansa ba. Rabin ajin har yanzu liƙa "amma" ɗin suke yi kamar faci, sai dai ana samun ci gaba.

In ka sami hali, ka turo mini waccan sonet ta du Bellay, mawaƙin Faransa, da ka taɓa karanto mini, wadda ya yi a Rum yana begen ƙauyensu, tare da fassararka ta Hausa, ka kuma ja layi inda kake ganin ya sha kwana. Ina so in gwada ta a kan 'yan ajin ƙarshe kafin hutu.

Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce ina neman addu'a. Maiɗakina tana gaida uwargida, ta ce a tuna mata alkawarin turaren wuta.

Wassalam,
naka,
Amininka na Zariya