Wasiƙa zuwa ga Inna a Jega, kan taliyar kokwambar Baba

Milan, Italiya

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan na same ku lafiya. Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara masa sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau muke, sanyi ya fara ja da baya. Maigidana yana gaishe ku, yana can yana fama da karatu.

Saƙon Auta ya iso ni. Ta ce ta yi wa Baba taliyar kokwambar da na yi muku bayani a waya, wato kokwambar da ake yankawa zare-zare kamar taliya, ta haɗa ta da ƙuli tun kafin magariba, ko da ya dawo daga sallar isha abin ya koma ruwa tsululu, ya ɗanɗana ya ture kwanon ya ce a kawo masa tuwonsa. Wallahi Inna hankalina bai kwanta ba, don kin san Baba, in ya ƙi abu sau ɗaya da wuya ya sake kallonsa. Shi ya sa na zauna na rubuta komai dalla-dalla. Auta ta karanta miki, sannan ta adana.

Ina nacewa ne saboda sugan nan nasa. Giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa yana ɗauke da sitaci kusan giram 28, ita kuwa kokwamba mai nauyin haka abin da ke cikinta na dangin sitaci da suga bai kai giram 4 ba. Mu mutanen Kabi shinkafa ce abincinmu safe da dare, ba zan ce a raba dattijo da ita ba. Abin da nake roƙo a rage malmalar, a cike gurbin da wannan.

Abin da ya faru da kwanon nan ba laifin hannun Auta ba ne. Kokwamba kusan duk jikinta ruwa ne, wajen kashi 95 cikin 100. Muddin tana nan guda da ɓawonta, ruwan a kulle yake. Da zarar an yanyanka ta siri-siri an buɗe masa hanya ta ko'ina, in kuma gishiri ya taɓa ta sai ya dinga janyo shi waje. Kin ga yadda tumatir da albasar mai tsire suke jiƙa takarda bayan an barbaɗa musu yaji? To shi ne. Ruwan nan dole ya fita, ko an so ko an ƙi. Abin da ke hannunmu shi ne mu sa ya fita a kwando tun kafin a haɗa abincin, kada ya fita a kwanon Baba.

A kicin ɗin da nake aiki ana yin irin wannan da wani ɗan'uwan kabewa, kore, dogo, wanda suke kira zukini. Lokacin sanyi yawanci daga Sisili ake kawo shi, can kudu, inda ake noma shi a rumfunan leda. Yawancin mutanen nan taliyarsu ta alkama suka sani, amma masu neman rage ƙiba da waɗanda alkama ba ta karɓe su ba sukan nemi wannan. Akwai wata 'yar na'ura da ake juyawa da hannu tana fitar da shi zare-zare. Tun da hantsi muke zuba masa gishiri mu bar shi a kwando, da roba a ƙarƙashi. In kika dawo bayan rabin awa sai ki tarar tulin ya zauna sosai, robar kuma ta tara wani ruwa mai kore-kore. Zaren da ɗazu yake karyewa, yanzu sai ki naɗe shi a yatsa bai tsinke ba. Shugabar kicin ɗin, wata dattijuwa, ba ta barin faranti ya fita sai ta karkata shi ta duba. In ta ga ruwa ya gangaro gefe, farantin nan ba zai je gaban baƙo ba.

To ga yadda Auta za ta yi. Ta zaɓi kokwamba matasa masu tauri, ba waɗanda suka ƙosa suka fara ɗorawa ba, don su 'ya'yansu sun yi yawa. Gurji ma haka. Ta wanke tas da ruwan da kuke sha, ta goge ta bushe kafin wuƙa ta taɓa ta. Ta raba ta biyu a tsaye, ta sa cokali ta kwashe 'ya'yan da laushin tsakiyar nan kakaf, don nan ne matattarar ruwan. Sai ta ɗauki abin fere dankali ta dinga ja daga sama har ƙasa, ta tara falle-fallen ta yanka su a tsaye da wuƙa, kaurin taliyar leda ko ya ɗan fi. Kada ta yi amfani da abin goga kuɓewa. Shi murƙushe ta yake yi, komai matsar da aka yi daga baya caɓalɓal za ta zama.

Manyan kokwamba 2, rabin ƙaramin cokali na gishiri ya isa. Ta barbaɗa, ta juya da hannu a hankali, ta zuba a kwandon tsane shinkafa, ta bar shi minti 20 zuwa 30. Nan ne ake yawan gajen haƙuri, kuma nan ne duk aikin yake. Bayan haka ta ɗauraye sau ɗaya da ruwa mai tsabta, ta juye a ƙyallen tatar koko wankakke busasshe, ta tattara bakin ta murɗa a hankali har ɗigon ya tsaya. Ba matsar ƙarfi ba, kada zaren ya dame. Ta baza a faranti ya sha iska kaɗan.

Na san za ki ce ya za a yi ana gudun ruwa kuma a sake zuba ruwa. Ruwan ɗauraya a saman zaren yake tsayawa, ƙyalle zai shanye shi. Kuma ɗaurayar nan dole ce saboda hawan jinin Baba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma har da na miya da na dunƙule a lissafin. Don haka bayan an ɗauraye kada a ƙara wani gishiri, abin da ya rage a jiki da na cikin ƙuli ya wadatar.

Yanzu kayan lambun rani sun cika kasuwar Jega, kada a tsaya kan kokwamba kaɗai. Karas ruwansa wajen kashi 88 ne kuma jikinsa da tauri, ba ya bukatar gishiri ko matsa, a yanka shi siri-siri kawai. In aka yi rabi karas rabi kokwamba, kwanon ya fi tsayawa. Kabeji a yanka shi laɓu-laɓu a sa shi a kwando tare da kokwambar. Tumatir shi ne babban mai ɓata aiki, a cire 'ya'yansa a ɗora shi a sama daga ƙarshe, ko a ajiye shi gefe. Albasar Aliero ma sai a ƙarshe. Wata abokiyar aikina 'yar Tailan ta nuna mini yadda suke yi da ɗanyar gwanda a ƙasarsu: a fere, a wanke farin ruwan nan mai danƙo, a yanka zare-zare. Ba ta saki da wuri kamar kokwamba, ga ta kuma a bayan ɗakinki. Sai dai matar Yaya ta bar ta tunda tana da juna biyu, ana shawartar mai ciki ta guji ɗanyar gwanda.

Sai mahaɗi. Nan da man zaitun da cuku da wani niƙaƙƙen ganye suke haɗawa, amma ni a ganina namu ya fi nasu dacewa da wannan abincin, don garin ƙuli busasshe ne, duk ɗan danshin da ya rage shi zai shanye. Sharaɗin kawai kada a dama shi da ruwa yadda ake yi wa kwaɗon zogale ko na rama. A fara zuba man gyaɗa cokali ɗaya a juya ya shafi zaren ko'ina, sannan a barbaɗa garin ƙuli da ɗan barkono, lemun tsami ɗigo kaɗan daga ƙarshe. A tabbatar ƙulin ba mai suga ba ne, don yanzu masu sayarwa da yawa suna sa masa. Kuma kada a haɗa sai Baba ya zauna ya wanke hannu. Auta tana iya yin yanka da matsa tun da wuri ta rufe, haɗawar ba ta wuce minti biyu. A marmasa masa busasshen kifin Yawuri a kai, ko dafaffen ƙwai, ko wake, don ganye zalla ba zai riƙe masa ciki har safe ba.

Tunda ɗanye ake ci, tsabta ba abin wasa ba ce. Wuƙa da faranti da ƙyallen duk a wanke, kada a yanka a inda aka yanka nama ko ɗanyen kifi. Zafi kuma ya kusa shigowa, a watan Maris da Afrilu garinmu yakan haura digiri 40. Yankakken kayan lambu kada ya wuce awa ɗaya a waje a irin wannan yanayi. In akwai wuta a shimfiɗa ƙyalle a ƙasan kwano a rufe a sa a firij, amma ban da wajen ƙanƙara, in ta daskare ta narke ta tashi daga aiki. In babu wuta a yi daidai wanda za a cinye.

Inna don Allah maganinsa kada ya tsaya saboda wannan. Ranar da za ku koma asibiti a Birnin Kebbi a gaya wa likita an rage masa tuwo da dare, don mai shan maganin suga in ya rage abinci sugansa yana iya yin ƙasa fiye da kima. In kika ga yana gumi, jikinsa na rawa, ko jiri na ɗibarsa, a ba shi abu mai zaƙi nan take, a auna shi, a kuma sanar da likitan.

Na sayi abin fere mai haƙora wanda yake fitar da zaren kai tsaye ba sai an bi da wuƙa ba. Akwai wanda zai taho gida wata mai kamawa, zan ba shi ya kawo wa Yaya tare da 'yan takardun da ake sa wa na'urar awon sugan Baba. Auta ta sake gwadawa a makon nan, ta fara da rabi karas, ta turo mini hoton kwanon kafin ta kai masa.

A gaishe mini da Baba da kyau, da Goggo, da Kawu da iyalinsa, da Yaya da matarsa, da duk mutanen gida. A sa mu a addu'a.

Wassalam,
'Yarki