Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Takardar Aikin Gida

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da surukanki, kuma kin fara sabawa da zaman Bauchi. Na ji ƙorafinki cewa aikin makaranta da na gida sun haɗe miki, har wasu ayyukan suna kuɓucewa sai kin ga ɓarnarsu. Shawarata ita ce ki daina riƙe su a ka, ki zuba su a takarda.

Ki sami kwali mai ɗan kauri, ki ja layuka da biro, ki kafe shi a bayan ƙofar kicin inda idonki zai riƙa faɗawa kansa kullum. Ayyuka a gefen hagu, ranaku a sama, duk wanda kika gama ki sa masa alama. Na san za ki ce akwai waya, to amma wayar da kika ɗauka don duba aiki ita ce za ta ja ki hira, kwali kuwa ba ya ƙarewar caji.

Shara da wanke-wanke da gyaran gado ba sa buƙatar dogon rubutu, domin su da kansu suke kiran mutum. Amfanin takardar yana ga ayyukan da ba sa kira, irin su gindin randa da bayan buhunan hatsi da ƙarƙashin firji da kwatar bayan gida. Waɗannan sukan yi watanni ba a taɓa su ba, a gidan da kowa ke yabon tsaftarsa.

Ki fi ba ɗakin ajiya muhimmanci. Jihar Bauchi tana cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi kamari a Najeriya, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno, kuma ɓera ne ke yaɗa ta ta hanyar fitsarinsa da kashinsa idan suka taɓa abinci. Ta fi yawa a lokacin rani, daidai lokacin da kowa ya cika sito da masara da gero da wake. Saboda haka ki rubuta cewa kowane mako za ki janye buhunan daga jikin bango, ki haska lungun da tocila. Idan kika ga baƙaƙen ƙwayoyi kamar shinkafa, ko bakin buhu da aka gurgura, to kina da baƙo. Kada ki share kashin a bushe ƙurar ta tashi ki shaƙa. Ki yayyafa masa ruwan bilic, ki bari ya jiƙa, ki kwashe da leda a hannunki, sannan ki wanke hannu da sabulu. Buhunan su hau kan katako, garin tuwo da shinkafa kuwa su shiga bokiti mai murfi, ramin ɓeran kuma a toshe shi da siminti.

Sai ruwa. Ranar Asabar ki juye randa da jarkoki, ki cuɗe cikinsu da soso har santsin nan ya fita, ki kife su su tsane kafin a sake zubawa. Moɗar sha ta kasance da maratayarta, kada a ajiye ta a ƙasa. Da damina ki ƙara layi guda: zagaya tsakar gida a zubar da duk ruwan da ya kwanta a gwangwani ko tsohuwar taya ko fasasshen bokiti, domin sauro yakan tashi daga ƙwai ya zama mai cizo cikin kamar kwana 10, shi ya sa wannan aikin na mako ne, ba na wata ba.

Ayyukan wata, wato wankin labule da gidan sauro, kaɗe yanar gizo, goge fanka da yashe kwata, ki haɗa su a Asabar ɗin ƙarshen wata. Da hunturu kuwa ki goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma, don busasshe ɗaga ƙurar kawai yake yi ta koma inda ta fito. A ƙasan kwalin ki rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba a haɗa bilic da ruwan wankin masai, domin haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba da ke kama ƙirji, musamman a banɗaki mai ƙaramar taga.

Kada jerin ya yi tsawo, ayyuka uku ko huɗu a rana sun isa, kuma wanda ya wuce ki yau ki mayar da shi gobe ba tare da kin takura kanki ba. Ki sa sunan ƙanwar mijinki a gaban nata aikin, cikin lalama, yashe kwata da kai shara bola kuma ki roƙi maigidan ya ɗauka, tunda abin da aka rubuta aka amince da shi ba ya zama abin gardama daga baya.

Babanki yana gaishe ku, ƙannenki ma haka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya.

Mahaifiyarki,
daga Gombe.