Gwarimpa: Katanga ta raba mu da maƙwabta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan zamanmu a Gwarimpa da ke Abuja, unguwar da aka gina a zamanin Janar Sani Abacha a kan ƙasar noman 'yan ƙabilar Gbagyi.

Wadata kam akwai ta. Gida da rijiyar burtsatse, da janareta ko sola, da mai gadi a ƙofa. Zumunci ne babu. Sai a yi haihuwa, a yi rasuwa, maƙwabcin da katanga ɗaya ta raba ku bai ji ba, sai dai ya gani a WhatsApp ana ta muhawarar kuɗin tsaro.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muka manta da ƙauyen Gwarimpa na asali, wanda manyan gidaje suka yi wa zobe. Daga can, da Karmo da Dei-Dei, masu wanki da direbobi da 'yan garuwa ke sammako su yi mana hidima, amma magudanar ruwansu da makarantun yaransu ba mai waiwaya.

Ina roƙon ƙungiyoyin mazauna unguwa su zauna da dagacin ƙauyen da ƙaramar hukumar birnin Abuja (AMAC), a fara gyaran magudanar nan kafin damina ta kankama.

Wassalam,
Wani mazaunin Gwarimpa, Abuja